Yadda Ake Siyan Gida a Kano ta Hannun Dillali Ba Tare da Da-na-sani Ba

Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya tare ni da ita, "na ɗan tara kuɗi ina so na huta da haya, ga wani dillali ya kawo min gida, ta ina zan fara?" To bari na jero matakan ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata a bi su, dan yawancin waɗanda suka ƙone a harkar nan ba wai sun ƙi yin bincike ba ne, a'a, sun yi shi ne bayan kuɗi ya riga ya fita daga hannunsu. Kuma ka riƙe wannan tun yanzu: dillali ɗan jagora ne, ya san lungu da saƙo, ya san wa ke son siyarwa da dalilinsa, ba ka iya yi ba shi, amma shi abincinsa ranar da ciniki ya faɗa yake fitowa, kai kuwa ranar zamanka a gidan yake farawa. Lissafin shekara goma ko ashirin masu zuwa naka ne, ba wanda zai yi maka.

1. Ka zauna da iyalinka kafin ka kira kowa

Kafin dillali ya ji labari, ka ɗauki takarda da biro ka rubuta abin da kake nema. Gidan zama ne ko na zuba 'yan haya? Yaranka nawa yanzu, maza nawa mata nawa, dan yaran da ke kwana ɗaki ɗaya yau nan da shekara bakwai dole a raba musu makwanci, kuma samari suna buƙatar ɗakin soro ko na waje. Akwai yiwuwar Hajiya ta dawo gurinka da zama? In akwai to gidan bene mai ɗakuna duk a sama ba naka ba ne. Kana da niyyar ƙara aure? Kar ka ji kunyar saka wannan a lissafi, gidan da ba shi da filin da za a fitar da wani sashe daga baya yana jawo rigimar da ba ta da iyaka.

Ka raba takardar gida biyu, abin da ba za ka iya haƙura da shi ba da kuma abin da in an samu falillahil hamdu in ba a samu ba shikenan. Dan Allah a sa uwargida a shawarar nan, ita ce za ta yini a gidan, ita ta san wahalar kicin ɗin da ba iska da tsakar gidan da ba gurin shanya.

Hattara: in ka je gurin dillali ba ka san me kake so ba, abin da ke hannunsa zai sa ka so.

2. Lissafin kuɗi, ba kuɗin gidan kaɗai ba

Kuskuren da ya fi yawa kenan, mutum yana da miliyan 30 sai ya tafi neman gidan miliyan 30. Bayan kuɗin gida akwai la'adar dillali, wadda a al'ada kashi 5 cikin 100 ce, wato a gidan miliyan 30 miliyan ɗaya da rabi ta tafi kenan. Akwai kuɗin lauya, akwai kuɗin bincike a ma'aikatar ƙasa, akwai na safiyo in za a sake awo, akwai ɗan abin shaidu da na mai unguwa, sannan kuɗin mayar da takardu zuwa sunanka. Ga gyara, wanda ban taɓa ganin gidan hannu da aka shiga ba a taɓa komai ba, ko fenti ne da famfo da wayarin. Ni shawarata ka ware aƙalla kashi 15 zuwa 20 na abin da ke hannunka dan waɗannan, sauran shi ne ainihin ƙarfinka, kuma shi za ka nemi gida da shi.

In ɗan kasuwa ne kai a Kwari ko Singa ko Wambai, kar ka zare jarinka kaf ka zuba a gida, gida ba ya juyawa, in ka matsu kana so ka siyar da gaggawa sai an karya maka shi. In kuma ma'aikaci ne kai da ake cire maka kashi 2.5 na NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, kana da damar neman rance ta Federal Mortgage Bank, bankin gwamnatin tarayya mai ba da rancen gida, sai dai akwai ruwa a ciki, wanda ke gudun riba sai ya leƙa bankunan da ba sa harka da ruwa irin su Jaiz da TAJ ya ji tsarinsu. Ko wanne ne, ka sani banki ba ya kallon gidan da takardarsa ba ta gwamnati ba ce, so wannan ma zai rage maka gidajen da za ka duba.

3. Zaɓen dillali da maganar la'ada

Dillalai iri-iri ne a garin nan. Akwai masu ofis da rajista, akwai na unguwa da za ka tarar a benci ƙarƙashin bishiya ko bakin masallaci, wanda wani dattijon cikinsu ya san tarihin kowane kango a unguwar tun yana gona, akwai kuma na waya, masu saka hoto a Facebook da WhatsApp wanda wani bai ma taɓa taka ƙofar gidan da yake tallatawa ba. Ban ce na ofis ya fi na benci gaskiya ba, abin dubawa shi ne a san shi, a san gidansa, a san wanda ya taɓa siya ta hannunsa. Ka nemi mutum biyu ko uku da ya yi wa ciniki shekarun baya ka tambaye su ko wata matsala ta taso daga baya, in ta taso ya tsaya ko ya kashe waya.

Tambaya ta farko da za ka yi masa in ya kawo gida: "Malam, kai ne da mai gidan kai tsaye ko akwai wasu a tsakani?" Dan sau da yawa gida ɗaya dillalai biyar ne a jere, wannan ya ji a gurin wancan, kowa ya ɗora nasa, gidan da mai shi ya ce miliyan 25 kafin ya iso kunnenka ya zama 29. Ba laifi ba ne su yi yawa, su raba la'adarsu a tsakaninsu, amma kai la'ada ɗaya za ka biya kuma farashin daga bakin mai gida za ka ji shi.

A yanke maganar la'ada tun ranar farko, nawa ce, wa zai biya, kai ne ko mai siyarwa ko za a raba, kuma sai ciniki ya kammala an sa hannu ake bayarwa. Kuɗin mota na zuwa ganin gida ka ba shi da daɗin rai, haƙƙinsa ne, yawo yake a rana. Sannan kar ka faɗa masa ƙarshen abin da ke asusunka, ka ba shi iyaka ƙasa da ƙarfinka kaɗan.

Hattara: dillalin da ya ce "Alhaji ka kawo wani abu a riƙe, akwai wani mutumin Abuja da zai biya gobe" tun kafin ka ga mai gida da takardu, ka ce masa Allah ya ba mai rabo sa'a. In rabonka ne zai jira ka.

4. Unguwa kafin gida

Nan nake so a daɗe, dan gini ana rushewa a sake, unguwa kuwa ba ka iya canza ta. Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin gida, kuma har gobe maganar tana nan.

Fara da nisa. Gida a Danbare ko Rimin Gata ko Zawaciki ko can bayan Mariri zai fi sauƙin kuɗi a kan irinsa a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Hotoro, balle a yi maganar Nassarawa GRA da Bompai. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin zirga-zirga ya zama abin lissafi na gaske. Ka ɗauki kuɗin a-daidaita-sahu ko man da za ka sha kullum zuwa kasuwa ko ofis, ka haɗa da na kai yara makaranta da Islamiyya, ka ninka a wata, ka ninka a shekara, ka ninka sau goma, sai ka ga ko arahar nan araha ce. Wanda ke aiki a sabuwar BUK titin Gwarzo ya dace da shi, wanda shagonsa ke Dawanau ɓangaren titin Katsina ne nasa, mai aiki a asibitin Malam Aminu Kano kuma ya duba titin Zariya. Kuma ka gwada hanyar da kanka da ƙarfe bakwai na safe da kuma bayan la'asar lokacin da gosulo ke haɗuwa, kar ka gwada ta ranar Lahadi da hantsi ka ce ai kusa ne.

Sai ruwan sama. Dillali zai fi son ya kai ka da rani lokacin ko'ina a bushe, kai kuma in da hali ka ga unguwar a watan Agusta, bayan an tafka ruwa da awa ɗaya. In ba damina ba ce akwai alamu: ka kalli katangun layin daga ƙasa, za ka ga wani layi mai duhu ko fari-fari inda ruwa ke tsayawa, fulasta ta kumbura tana zubowa, ka ga maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku har sai an hau an sauka kafin a shiga soro, ka ga buhunan yashi a jingine a lungu. In ka ga haka ba sai ka tambayi kowa ba. Ka tambayi tsofaffin unguwa ko gurin tsohon kududdufi ne da aka cike, dan Kano akwai kududdufai da yawa da aka cike da shara aka yi gini a kai, irin wannan ƙasar tana zama a hankali, bango ya yi ta tsagewa kana liƙewa har ka gaji.

Sai ruwan sha. Famfo yana zuwa? Rijiyoyin layin suna ƙafewa da bazara? Masu bohal sun samu ruwa ko sun haƙa sun bari? Hanya mafi sauƙi ka tsayar da mai garuwa ka tambaye shi nawa jarka kuma daga ina yake turo kurarsa, in daga nesa yake ɗebowa ka san abin da ke jiranka. Wuta ma haka, mai shagon da ke siyar da ƙanƙara ko mai cajin waya zai gaya maka gaskiyar awa nawa ake samu da kuma sau nawa taransifoma ke lalacewa ana karo-karo.

Ka koma da daddare kai kaɗai ba da dillali ba, ka yi isha'i a masallacin layin, ka ɗan zauna gurin mai shayi ka ji hirar da ake yi. A nan za ka san ko akwai matsalar faɗan daba ko ƙwacen waya, ko akwai 'yan sintiri, ko akwai gidan biki ko injin niƙa da zai hana ka barci. In kusa da masana'antun Sharaɗa ko Challawa ne ka kula da inda iska ke kaɗo wari. Ka kuma duba faɗin layin, mota za ta shiga har ƙofar gida? Yau ba ka da mota, gobe fa, ko ranar da za a fito da mara lafiya cikin dare?

5. Duba ginin da wanda ya san gini

Kar ka je kai da dillali kawai. Ka ɗauki injiniya ko tsohon birkila da ka yarda da shi, ka biya shi kuɗin yininsa, wannan ɗan kuɗin zai iya tsare maka miliyoyi. Akwai gidajen da ake ginawa musamman dan siyarwa, waje tas, tayil da fenti da fitilu masu kyau, amma bulon in ka sa ƙusa ka kankara sai ya dinga zubowa kamar gari dan an yi wa siminti rowa. Sabon fenti a tsohon gida ma abin tambaya ne, me aka rufe?

Ya duba tsagewar bango, musamman wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ya leƙa cikin silin ya ga katako ko gara ta ci, ya duba tabon yoyo, ya ga kwanon rufi. A buɗe kowane famfo, a kora ruwa a kowane banɗaki a ga inda yake fita, a nemo inda sokawe take da kuma tazararta da rijiya. In kana da burin ɗora bene nan gaba ka faɗa masa tun yanzu ya duba ko fandishon zai ɗauka, kar ka dogara da "ai an yi shi da niyyar bene" daga bakin mai siyarwa. Sannan a sa tef a auna filin, in an ce ƙafa 50 a 100 ne a tabbatar haka ne, a kuma ga ko katangar ta ci hanya ko ta shiga filin maƙwabci.

Abin da zai ci na gyara a rubuta shi, da shi za ka yi tayi.

6. Ka ga mai gidan ido da ido

Ba wakili ba, ba "ƙanensa ne ni" ba, shi kansa, da katin shaidarsa na ƙasa, sunan ya dace da wanda ke jikin takarda. In yana ƙasar waje ko ba shi da lafiya to wakilin ya kawo takardar wakilci da lauyanka zai tantance, kuma a kira shi a waya ta bidiyo gaban shaidu. Ba banza ba kake ganin an rubuta "gidan nan ba na siyarwa ba ne" da jan fenti a katangu, an sha siyar da gidan mutum yana can bai sani ba. Ka tambayi maƙwabta na dama da na hagu gidan waye, ka je gurin mai unguwa ka gaishe shi ka tambaya ko ya san da maganar siyarwar kuma ko akwai rigima a kai.

Gidan gado kuwa sai an ninka taka-tsantsan. Yawancin gidajen cikin gari da tsofaffin unguwanni na gado ne, kuma sukan zo da sauƙin kuɗi dan magada na son a raba kowa ya kama gabansa. Matsalar ita ce babban wa ya siyar, shekara biyu ƙanwarsu da ke aure a wani gari ta ji labari ta kai ƙara, kuma tana da gaskiya. Dan haka ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, ka san magada nawa ne, kowa da kowa ya sa hannu, mata da maza, wanda ba ya nan ya wakilta a rubuce. In akwai marayu ƙanana a ciki sai da izinin alƙali. In kuma kason mutum ɗaya za ka siya a gidan da ba a riga an raba ba, ka sani a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason, so a fara yi musu tayi, bayan an yi cinikin kuma su ce ba sa so a gaban shaidu. Ni dai na fi samun natsuwa in an yi cinikin gidan gado ta gaban kotu, ko da zai ɗan ja lokaci.

Hattara: ka tambaya ƙarara ko an taɓa jinginar da gidan, a banki ko a hannun wani ɗan kasuwa. Mai gidan da ya ce asalin takardar "tana gurin wani" sai fotokwafi yake nunawa, yawanci amsar kenan.

7. Takardu da bincike a ma'aikatar ƙasa

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan komai, kuma shi aka fi tsallakewa. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake siya haƙƙin zama ne, wanda takardar C of O, wato shaidar da gwamnati ke bayarwa a kan fili, ke tabbatarwa, galibi na shekara 99. Gidajen Kano kusan kashi biyu ne ta wannan fuskar. Akwai na awon gwamnati, masu lambar fuloti da fayil a ma'aikata, akwai kuma na awon igiya, gonar da mai ita ya yanka ya siyar, takardarsu ita ce ta ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci.

In mai C of O ne, ka karɓi kwafi ka ba lauyanka, naka na kanka ba wanda dillali ko mai gida ya kawo ba, ya je ya yi sach, wato binciken fayil, a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano. Binciken zai nuna ko takardar ta gaske ce, sunan wa ke fayil, ko akwai jinginar banki a kai, ko an soke ta, ko akwai bashin harajin ƙasa da ya taru. Sau da yawa za ka tarar sunan da ke C of O na mutumin farko ne, gidan kuma ya bi hannu uku ba a taɓa canza suna ba, to sai an kawo takardar kowane ciniki a jere tun daga na farko har zuwa wanda zai siyar maka, in ɗaya ta ɓata a tsakiya a tsaya sai an warware. Ka kuma tambaya ko an shigar da takardar cikin aikin sabunta C of O da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a ƙarshen 2024.

In awon igiya ne ban ce kar ka siya ba, rabin garin nan a haka yake zaune, amma ka san abin da ka siya. Hatimin mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta hana gwamnati cewa gurin hanya ne ko filin makaranta. Ka ɗauki safiyo ya ɗauki lambobin gurin a duba a taswirar gwamnati ko ya faɗa cikin wani shiri, a kuma leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, a ji ko ginin yana da izini kuma ko bai hau hanya ko magudanar ruwa ba. Duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ya san cewa ko gini ya kai ina da kyau, in asalin filin na jama'a ne to hankali ba zai taɓa kwanciya ba. Filin makaranta, maƙabarta, jikin badala, ƙarƙashin babbar wayar wuta, gefen layin dogo, bakin rafin Jakara, duk arahar da aka yi maka ka bar su.

Hattara: har zuwa nan ko sisi ba ta fita daga hannunka zuwa ga mai gida ba. In an ce ba za a ba ka kwafin takarda ba sai ka biya wani abu, ka tashi.

8. Tayi da kafin alƙalami

Sai yanzu za a yi maganar kuɗi. Ka riga ka tambayi nawa aka siyar da gidaje biyu ko uku a layin kwanan nan, kana da lissafin gyara a hannu, sai ka taya gaban mai gida da dillali duka. In an ce albarka kar ka ji komai, ka ƙara kaɗan ko ka ba da kwana biyu, a nan dillali na gari yake nuna amfaninsa dan ya san inda mai gidan zai iya sauka. Ka yi istihara, ka kwana a kan maganar.

In an sallama kuma ana son kafin alƙalami, ya zama kaɗan, a hannun mai gida ba dillali ba, a rubuce, da ranar cika sauran, da kuma sharaɗin cewa in wata matsala ta ɓullo daga ɓangaren takardu ko magada za a dawo maka da kuɗinka cif.

9. Rubutu, shaidu da biya

Lauyanka ya rubuta takardar ciniki, da cikakken sunan kowa, da kwatancen gidan da iyakokinsa gabas da yamma kudu da arewa, da kuɗin da aka biya na gaskiya. A lissafa abin da ke cikin cinikin, dan an sha zuwa a tarar an cire tankin ruwa da injin bohal da ƙofofin ƙarfe har da mita an tafi da su. A zauna gaba ɗaya, mai gida da shaidunsa, kai da naka, dillalai, in da hali da mai unguwa, a karanta a fassara wa wanda ba ya jin Turanci, kowa ya sa hannu ya dangwala yatsa, a ɗauki hoto.

Biya ta banki kawai, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, kuma a rubuta dalilin turawar. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan abin da ya haura naira miliyan 5 da tsabar kuɗi ba ta banki ba, balle kuma rasit ɗin banki shaida ce da ba ta mutuwa ba ta mantuwa. Kuɗi na shiga, asalin takardu da mukullai na shigowa hannunka a zama ɗaya, ba "gobe za a aiko" ba. Daga nan sai ka sallami dillali da la'adarsa cikakkiya ba tare da ja-in-ja ba, ya yi aikinsa.

Hattara: in akwai 'yan haya a ciki a san ranar da kuɗin kowa zai ƙare kafin ka biya, mai biyan shekara yawanci sai an ba shi notis na wata shida, kuma fitar da wanda ya ƙi tashi sai ta kotu. In gidan zama kake so da wuri, ka sa sharaɗin a miƙa maka shi ba kowa a ciki.

10. Bayan ka karɓi mukulli

Ka canza kwaɗuna a ranar. Ka je ofishin KEDCO da lambar mita a duba ko akwai tsohon bashi, wanda da ma ya fi kyau a duba kafin biya a cire daga kuɗin gidan, haka ma na hukumar ruwa. Ka shiga gaida maƙwabta da liman da mai unguwa su san gida ya canza hannu.

Sai babban aikin da mutane ke ajiyewa "sai an samu sarari" har shekara goma ta wuce: mayar da takarda sunanka. Dokar 1978 ta ce cinikin gida mai C of O sai da amincewar gwamna, dan haka lauyanka ya shigar da takardun a biya kuɗin hatimi da na rajista tun mai siyarwar yana raye kuma ana ga-maciji, dan in ya rasu sai ka bi magadansa ɗaya bayan ɗaya kana roƙon sa hannu. In awon igiya ne ka fara neman takardar gwamnati a kai, tana ɗaga darajar gidan kuma ita banki ke karɓa. Ka dinga biyan harajin ƙasa kana ajiye rasit, duk ƙarin ginin da za ka yi ka nemi izinin KNUPDA tukunna. Takardun ka yi musu kwafi, ka ɗauke su a waya ka tura imel ɗinka, asalin kuma a ajiye inda ruwa da gara da gobara ba za su kai ba, sannan uwargida da babban ɗanka ko wani ɗan'uwa amintacce su san inda suke. In da kuɗin wani a cikin siyan, na matarka ko na ƙanenka, a rubuta kason kowa yanzu a sa shaidu.